Kwana Tara da Ban Je Bakin Gulbi Ba

Gaya, ranar Laraba

Lami,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Ina fatan kin isa Yamai lafiya, kin tarar da Gwaggonki Hajo da yaranta lafiya, gajiyar hanyar Doso kuma ta sake ki. Allah Ya tsare ki a jirgin da za ki shiga ranar Asabar, Ya sauke ki ƙasar mutane cikin aminci, Ya kare ki daga sanyinsu da duk abin ƙi. Direban motar safe zan ba wannan takarda, zan ce ya damƙa ta a hannunki, kada ya ba Hajo, don na san ta da buɗe abin da ba nata ba. Kada ki karanta kina tsaye kina haɗa kaya. Nemi wuri ki zauna.

Ba labarin gida zan ba ki ba, shekaranjiya kika bar shi, babu abin da ya canza. Maganar ranar Lahadi ce ta sa na ɗauki bik in rubuta miki. Muna zaune gindin mangwaro muna tsintar tsakuwa a shinkafa kika faɗa mini abin da ke cin ranki, ni kuwa na tashi na yi alwalar la'asar ban ƙara ce miki komai ba, har kika tafi. Na san kin ɗauka fushi na yi. Kunya ce ta kashe mini baki, za ki kuma ji dalili.

Bari in fara maimaita abin da na fahimta. In na kauce ki yi haƙuri, fizik ɗina bai wuce na aji huɗu na kolej ba. Kin ce inda kike aiki akwai wani dogon rami mai zagaye a ƙarƙashin ƙasa. A cikinsa kuke kora ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta da gudu, su yi karo su tarwatse, ku kuma ku ƙirga ɓarɓashin ku auna shi. Ido ba ya gani, sai na'ura. Wani sashe na na'urar a hannunki yake, ke kike daidaita awonsa. Shekara huɗu da suka wuce abin da ke sanyaya sashen ya samu matsala har mako uku, zafi ya taɓa awon, ba ki kuma da tabbatattun lambobin gyara na waɗannan kwanaki. Sai kika ɗauki na kafin matsalar da na bayanta, kika raba tsakani kika cike gurbin, ba ki rubuta a ko'ina cewa haka kika yi ba. Da wannan awo aka fitar da takardar da ta yi miki suna, wadda kika ce masana da yawa suna ambato cikin nasu aiki. Saboda ita aka kira ki ki shugabanci ƙungiyar bincike a wata mai kamawa. Ɗalibai biyu kuma suna gina karatunsu na dokta a kanta.

Na ce miki, “To, in an sake lissafin yadda ya kamata, me zai fito?”

Kika ce, “Ban sake ba, Inna.”

“Shekara huɗu?”

“Wataƙila bai canza komai ba. Abu ne ƙanƙani. Kuma sunayenmu a takardar sun fi ɗari uku, Gwaggo Hajo ma sai da ta ari tabarau kafin ta gano nawa.”

Kika yi dariya. Ni ban yi ba, don maganar da ta fito bakinki tawa ce. Na taɓa faɗa wa kaina ita, kalma bayan kalma, kina goye a bayana.

Kin san na yi shekara goma sha huɗu ina karanta ma'aunin ruwa a bakin gulbi. Bayan na samu birebe, takardar gama kolej, aka ɗauke ni. Ma'aunin wasu faya-fayan ƙarfe ne masu lambobi, an kakkafa su a gangaren gaɓa kamar matakala, kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa. Sau biyu nake zuwa kullum, ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe shida na yamma, in duba inda ruwa ya taɓa, in rubuta a kaye, wato littafin aikin. Ƙarshen wata a kwafe a aika sama. Aikin ke nan, ko yaro zai iya. Shef ɗin da ya koya mini, shugabanmu a wurin aiki, ya ba ni doka ɗaya tak. Ya ce, “Abin da idonki ya gani, shi za ki rubuta. Ranar da ba ki je ba, ki ja layi ki bar gurbin haka.” Shi ne kuma ya faɗa a gabana, yana magana da wani, cewa mace ba za ta kai ƙarshen damina ɗaya a wannan aiki ba. Dokar ta shiga kunnena, amma wannan magana ta biyu ita ta shiga zuciyata. Na rantse wa kaina ba za a taɓa samun layi ko ɗaya a kayena ba. Ƴan bakin ruwa har suna suka sa mini, Madam Santimeta, ina kuwa jin daɗinsa.

Kina da wata bakwai ƙyanda ta kama ki, tsakiyar damina. Mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, yana hanyar Kwatano da kamyo, babbar motar kaya. Kwana tara muna kwance a asibiti, ban taka bakin gulbi ba. Babu mai hankalin da zai zarge ni a kan haka. Da kika samu sauƙi na koma, na tarar ruwa ya ɗan ɗara inda na bar shi, bai kai tafin hannu biyu ba. Na buɗe kaye, ga gurbi goma sha takwas suna kallona. Na tuna fuskar shef. Na zauna na cike su duka, ina ƙara santimeta ɗaya nan, biyu can, har na haɗu da awon ranar. Har bik na riƙa canzawa, shuɗi da baƙi, don kada a gane a zama ɗaya aka rubuta. Dubi wannan da kyau. Wadda ta tsaya canza bik ta san abin da take yi. Ban isa in ce ruɗewa ce ba.

Ga nasiha ta farko, ki riƙe ta. Gurbi ba abin kunya ba ne. Wanda ya ja layi ya gaya wa na bayansa, nan ban gani ba, ka yi hattara. Wanda ya cike ya rufe masa ido ya kuma ce ya taka. Da na ja layi goma sha takwas, iyakarta shef ya yi mini faɗa ya ce ai ya faɗa, in sha takaici na mako ɗaya, ya wuce. Takaicin mako ɗaya na guje wa, na ɗauko na shekara talatin da takwas.

Akwai wani tsohon Basarke mai kamun kifi, Baba Gado, da kullum nake tarar da shi yana gyaran taru kusa da ma'aunin. Ranar da na koma, da na je awon yamma, ya ɗaga kai ya gaishe ni, ya ce, “Fofo, Madam Santimeta! Ina kika shiga? Gulbi ya zo gaishe ki har ƙofa, bai same ki ba.”

Na ce, “Yarinya ce ba lafiya, Baba.”

Ya yi mini jaje, sannan ya kama hannun rigata ya ja ni gindin wata giginya da ke saman gaɓa. Ya nuna mini zanen jan laka a jikin kututturen, ya kai ƙirjina. Ya ce jan ruwa, ambaliyar damina, ya zo a kwana uku, ya shanye ƙarfen sama gaba ɗaya, ya kwana biyu, ya janye. Tun yana saurayi bai ga irinsa ba. Ya ce, “Rubuta wannan a littafinki, na gwamnati su sani.”

Na riga na cike kayen a gida bayan awon safe. Na ce masa, “Baba, sarwis ɗinmu na gwamnati ba ya karɓar awon kututture.”

Ya dube ni ya ce, “To. Kututture dai bai je lakwal ya yi boko ba, amma yana nan ranar. Ke ina kike?”

Ƴan jirgi suka fashe da dariya, ni ma na taya su, na wuce. Mutumin ya miƙo mini gaskiya a hannu, kyauta, tun tawadar ba ta gama bushewa ba. Na ƙi karɓa don ba shi da takarda, ni ina da birebe. Lami, a wurinku ma akwai irin Baba Gado. Waɗanda suka kwance na'urar sanyin nan suka gyara, masu hannu cikin mai da waya, sun san ranar da ta fara ciwo da ranar da ta warke, wataƙila ma sun rubuta a nasu littafi. Kin taɓa zuwa kin tambaye su? Ko kin ga ke dokta ce? Ki je ki zauna inda suke zama, ki tambaya da ladabi. In kuma abin da suka sani ya shiga aikinki, sunansu ya shiga tare da shi. Ilimin da ya sa ki raina wanda yake wurin ranar da abu ya faru, ba ya da amfani gare ki.

Shekara shida ta wuce, babu wanda ya ce uffan. Har na fara mantawa. Sai wani proje na raya noma ya zo zai gina ganuwar tare ruwa a wata fadamar shinkafa ta wajen Tanda. Wani injiniya ya zo har gida da kwafin kayena cikin jaka. Mutum mai ladabi, ya cire takalmi, ya zauna kan tabarma, ya sha ruwa. Ya ce da lambobina za su san tsawon da za su ba ganuwar. Sannan ya buɗe wani shafi ya sa yatsa.

Ya ce, “Madam, wannan damina ta ɗaure mini kai. An yi ruwan sama mai yawa a makon nan, amma gulbinki ya hau a hankali kamar tsoho a kan tudu. Duk da idonki kika karanta waɗannan?”

Ban ko ɗauke numfashi ba na ce, “Da idona.”

Sai ya ba ni haƙuri. Shi ya ba ni haƙuri, Lami. Ya ce kada in ji wani abu, aikinsa ne ya tambaya, ai kayena ya fi na kowa tsabta a duk tashoshin da ya zaga, babu gurbi ko ɗaya, zai ma riƙa ba da misali da ni. Na raka shi ƙofa ina murmushi.

Ƙaryar farko tsoro ya sa ni. Ta biyu kuwa na yi ta ne don an saba yabona ba na so a daina. Ita ta fi muni, don a ranar Allah Ya buɗe mini ƙofa da kansa, Ya turo mai tambaya har tsakar gidana, ba a kuma sa bulo ko ɗaya ba tukuna. Kalma uku sun isa: ban je ba. Ki ji tsoron yabo fiye da zagi. Duk wanda ya yabe ki a kan takardar nan ya ƙara ɗaure miki baki, kuma ranar da kika sa hannu kika karɓi shugabancin, ɗaurin zai fi ƙarfinki. Yau laifin ma'aikaciya ne. Wata mai zuwa zai zama laifin shugaba, wadda ta sani ta karɓi kujera a kansa.

An gina ganuwar. Ta yi damina uku. A ta huɗu jan ruwa ya zo irin wanda Baba Gado ya nuna mini, ya bi ta kanta ya shiga fadamar, shinkafa ta riga ta yi kai. Kawuna Idi, ƙanin mahaifiyata, yana cikin masu gona a can. Kin tuna shi, mai kawo miki rake da muruci in ya shigo kasuwa. Na je jaje na same shi zaune a kan ganuwar da ta rage yana kallon ruwa inda gonarsa take. Ya ce mini, “Ke da kike auna gulbi, ba ki ce musu yana kaiwa nan ba?” Da wasa ya faɗa, irin wasan kawu da ɗiyar ƴar'uwa. Na ce, “Ikon Allah ne, Kawu.” Ya ce, “Haka ne.” Wannan rani ya ƙetara Benin yana aiki a gonakin doyar mutane, da furfurarsa. Can ya rasu. Ban san ma inda kabarinsa yake ba.

Ba zan yi miki ƙarin gishiri ba. Ban sani ba ko lambobina ne suka gajarta ganuwar. Wataƙila sun haɗa da awon wasu tashoshi. Wataƙila ko da na rubuta gaskiya, iyakar ƙarfinsu ke nan. Wataƙila bai canza komai ba. Kin ji kalmarki? Na san ɗanɗanonta, na fi ki daɗewa ina taunarta. Ba ta ƙosarwa, ba ta kuma haɗiyuwa. Da na san tabbas ni ce, da na yi kuka na tuba na nemi gafarar mutanen fadamar. Da na san tabbas ba ni ba ce, da na huta. Ban samu ko ɗaya ba. Ke kuwa kina da abin da ba ni da shi: lambobinki suna nan cikin ordinater, wato kwamfuta, za ki iya sake lissafin ki sani. Kika zauna shekara huɗu kina tsoron buɗe ido. Wannan ba halin mai bincike ba ne. Halina ne, ban kuma so ki gaje shi.

Bayan ambaliyar ban ƙara iya kallon ƙarfen nan ba. Na ce wa mutane gwiwa ce ke damuna, na ajiye aikin. Aka kawo wani magidanci, Sule, in koya masa na wata ɗaya. Ran nan ya tambaye ni, in suna ko biki ya hana shi zuwa fa? Maimakon in ba shi dokar da aka ba ni, sai na ji bakina yana cewa, “Gulbi ba ya tsalle. Ka dubi na jiya ka dubi na gobe.” Ni da na ga zanen laka a giginya. Ina ganin so nake wani ya taya ni ɗaukar laifin, in daina zama ni kaɗai. Sule ya yi shekara ashirin a aikin, ya koya wa wasu. Allah kaɗai Ya san kwana nawa aka rubuta daga ɗaki saboda maganata.

Kin nuna mini a telefon ɗinki yawan waɗanda suka ambaci aikinki, fuskarki tana haske. Na taya ki murna a raina, ko ban nuna ba. Amma ki sake duban lambar nan da wani ido. Kowane ɗaya a cikinta mutum ne da ya yarda da ke bai je ya duba ba, kamar injiniyan nan, ya ɗauki awonki ya ɗora ginin kansa. Wannan shi ne tasirin da kuke alfahari da shi, nauyin mutane ne a wuyanki. Ɗaliban nan biyu kuwa, ƴaƴan wasu mata ne irina, da ke jiran ranar da za a ce an gama. In abin ya tonu bayan shekara biyar, ke kina da kujera, su wa zai mayar musu da shekarunsu? Kuma ba lissafi kaɗai suke koya wurinki ba. Suna kallon abin da kike yi in awo ya ƙi, haka su ma za su yi, su koya wa nasu ɗalibai. Batun suna ɗari uku kuwa, kada ki ƙara faɗa mini shi. Suna ɗari uku ne, amma wanda ya cike gurbin hannu ɗaya ne, na kuma san hannun, ni na koya masa riƙe alli.

Saura guda, ita ta fi mini wuya, na tashi sau biyu daga kan takardar nan kafin in rubuta ta. Kin tuna kwalbar awon ruwan sama, mai zane-zane, da nake ajiyewa a taga? Kina shekara bakwai kika fasa ta. Babu wanda ya gan ki. Kina iya cewa kaza ce, da na yarda. Kika tattara gilasan a bakin zanenki, kika zo kika tsaya gabana kika ce, “Inna, ni na fasa.” Na karyo reshen bedi, dogon yaron nan, na dake ki har sai da maƙwabta suka shigo suka ƙwace ki. Kin san wane mako ne? Makon da injiniyan ya zo. Kwana biyu da na dubi mutum cikin ido na ce da idona, sai ga ƴar shekara bakwai ta yi abin da na kasa. Ba kwalba na dakar miki ba.

Tun daga ranar ba ki ƙara kawo mini laifinki ba. Sakamako mai kyau kawai kike kawowa, shi ma in kin ci goma sha takwas bisa ashirin sai in ce ina sauran biyun. Na yi ta yi miki wa'azin gaskiya da baki, amma da bulala na koya miki cewa mai faɗin laifinsa shi ke shan duka. Kika zama irin kayena, tsaf, babu gurbi, kowa yana ba da misali da ke. Ranar Lahadi, bayan shekara talatin da ɗaya, kika sake tattaro gilasai kika kawo mini, na tashi na bar ki zaune da faifan shinkafa. Ban saba roƙon gafara wurin ƴaƴa ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Amma ki yafe mini. In Allah Ya ba ki ɗalibin da ya zo ya ce ni na ɓata, ki ba shi kujera ki ce ya nuna miki inda abin yake. Yadda kika karɓe shi a ranar, shi zai sa ya dawo ko ya koyi ɓoyo.

Jiya na yi abin da ya kamata in yi tuntuni. Na ciro tsohon kayen daga ƙasan akwati, na hau kabu-kabu na je biro, ofishin da na yi wa aiki. Ban san kowa a can ba yanzu. Na samu wani matashin ma'aikaci, na zauna na faɗa masa komai, na nuna masa shafin, shuɗi da baƙi. Ya saurare ni da ladabi. Da na gama ya sosa kai ya ce, “Hajiya, waɗannan lambobi an shigar da su ordinater tun ina firamare. Sun je Yamai, sun fita waje, mutane sun yi littattafai da su. Wallahi ban san wa zan rubuta wa ba.” Na tambayi shef ɗina, ya ce ya ji an ce ya rasu. Injiniyan babu wanda ya san sunansa. Baba Gado ya daɗe a ƙasa. Na ce to a zo a auna giginyar, sai na tuna gaɓar ta zabtare da ita tun bara waccan. Yaron ya ba ni ruwa mai sanyi, ya ce kada in damu, abu ne da ya wuce, ya raka ni ya tsayar mini da babur. Ina ganin ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Na dawo gida da kayena a hannu. Na kai gaskiyata, babu mai karɓa. Lambobin nan goma sha takwas suna can suna yawo a duniya da lafiyarsu, za su kuma rayu bayana. Ban san furta laifi yana da wa'adi ba sai jiya. Naki bai cika ba. Wanda za ki faɗa wa yana raye, yana da biro, kin san ƙofarsa.

Don haka ga abin da nake umartarki, ni da na haife ki. Kina sauka, kafin ki kwance akwati, ki sake lissafin nan. Duk abin da ya fito, babba ko ƙarami, ki kai wa shugabanku kafin ki sa hannu a takardar sabon aikin. Ki ce ni na cike, ban kuma rubuta ba. Kada ki jingina wa na'ura, kada ki jingina wa masu gyara. Ɗaliban ki gaya musu da bakinki, kada su tsinta a wurin wani. In gyara za a buga, a buga da sunanki a sama.

Na san abin da kike tsoro, ko ba ki faɗa ba. Ke kaɗai ce irinki a wurin, mace, baƙa, daga garin da ba su iya faɗin sunansa ba, kina ganin wasu jira suke ki yi tuntuɓe su ce ai sun faɗa. Wataƙila akwai su. Ni ma saboda mutum ɗaya irin wannan na yi abin da na yi, ya mutu bai ma san ina yi dominsa ba. Ba zan yi miki alkawarin za su yi miki adalci ba. Suna iya ba wani kujerar. Suna iya yin shekaru suna duba aikinki sau biyu. Waɗanda suke gaishe ki yau wasu za su ɗauke kai. Nan Gaya ma waɗanda na cika wa kunne da labarinki za su tambaye ni ina shugabancin, zan kuma ba su amsa da kaina, ba sai kin damu da wannan ba. In abin ya kai ki dawo, ɗakinki yana nan, a lise, babbar sakandaren garin nan, kuma ba su taɓa ƙoshi da malamin fizik ba. Na fi son in gan ki da alli a hannu kina cin tuwonki da daɗi, da in ji sunanki a rediyo kina zaune irin zaman da na yi.

Ki tsare sallarki a kan lokaci, ko ranarsu gajera ce. Ki ci abinci, na ga wuyanki ya fito. Yajin da kilishin suna cikin jakar nan shuɗiya, kada Hajo ta raba miki su da maƙwabtanta.

In kin kira ni ranar Juma'a ta sama, kada ki fara da labarin sanyi. Ki faɗa mini abin da lissafin ya fitar da abin da shugabanku ya ce. Ko mummuna ne, ki faɗa duka. Zan zauna in saurara har ki gama.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya ba ki ƙarfin zuciyar da ban samu ba a lokacin da nake buƙatarsa. Allah Ya sa waɗanda za ki tsaya gabansu su zama masu tausayi. Ya jiƙan Kawu Idi da Baba Gado da mahaifinki, ni kuma Ya yafe mini. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki